Lauyan da Ya Shekara 23 Yana Nemo wa Mutane Ƙasarsu

Ran 13 ga watan Nuwamba, 1945, wani lauya ya shiga kotun tarayya ta birnin San Faransisko a ƙasar Amurka, ɗauke da takardun ƙara a madadin mutum kusan 1,000. Saura kwana biyu rak jirgin ruwa ya fara kwasar mutanen nan zuwa Japan, ƙasar da waɗansunsu ba su taɓa ko taka ta ba. Dukansu a Amurka aka yanke musu cibi, amma kowannensu ya riga ya sa hannu a wata takarda cewa ya saki Amurka, ba shi ba ita har abada. Takardun suna hannun Gwamnati, sa hannun kuwa nasu ne, ba mai gardama. Kowa ya dubi al'amarin sai ya ce ai bakin alƙalami ya bushe. Sunan lauyan nan Wayne M. Collins, kuma maganar da ya tayar ran nan ba ta kwanta ba sai cikin watan Maris na 1968.

Kafin mai karatu ya gane abin da zai sa mutum mai cikakken hankali ya saki ƙasar haihuwarsa, sai mun koma baya kaɗan.

Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 Japanawa suka fara zuwa ci-rani gaɓar yamma ta Amurka. Suka yi noma, suka yi su, suka buɗe kantuna, suka hayayyafa. Amma dokar ƙasar ta raba gida ɗaya kashi biyu. Uba da uwa, tun da yake a Japan aka haife su, ba su da ikon zama 'yan ƙasa ko da za su shekara hamsin. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1922, ba a kuwa ɗauke hanin ba sai a 1952. A jihar Kalifoniya ma an hana su mallakar gona tun 1913. 'Ya'yansu kuwa 'yan ƙasa ne cikakku, gama tsarin mulkin Amurka ya ce wanda aka haifa a cikinta ɗanta ne. Watau uba baƙo, ɗa ɗan gari, suna cin abinci a akushi ɗaya.

Ran 7 ga Disamba, 1941, Japan ta kai hari Pearl Harbor. Ran 19 ga Fabrairu, 1942, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a wani umurni mai lamba 9066, wanda ya ba soja ikon tayar da duk wanda suka ga dama daga gaɓar yamma. Aka kwashe mutum wajen 120,000, tsofaffi da jarirai, aka zuba su a sansani goma cikin hamada da fadama, aka kewaye su da waya mai ƙaya. Kashi biyu cikin uku na mutanen nan 'yan ƙasa ne. Ba a tuhumi kowa da laifi ba, balle a kai shi gaban alƙali.

A nan Collins ya shigo maganar. An haife shi a birnin Sacramento a 1899, asalin kakanninsa mutanen Ailan ne, ya tashi maraya cikin talauci, ya koyi aikin lauya a makarantar dare a San Faransisko. Ba shi da wata dangantaka da Japanawa. Wani abokinsa, Ernest Besig, shugaban reshen arewacin Kalifoniya na ƙungiyar kare 'yancin jama'a da ake kira ACLU, shi ya kawo masa shari'ar wani saurayi mai walda, Fred Korematsu, wanda ya ƙi tashi daga garinsu aka kama shi a watan Mayu na 1942. Manyan ƙungiyar a New York ba su so a ja da umurnin Shugaban Ƙasa kai tsaye ana tsakiyar yaƙi ba. Besig da Collins suka yi kunnen uwar shegu da su. Shari'a ta kai har Kotun Ƙoli, ran 18 ga Disamba, 1944, alƙalai shida suka goyi bayan Gwamnati, uku suka ƙi. Collins ya faɗi. Da wannan shari'a aka fi sanin sunansa a littattafai, amma a ganina ita ce ƙaramar cikin ayyukansa.

TAMBAYA TA 27 DA TA 28

A farkon 1943 hukuma ta rarraba wa manyan da ke tsare wata takardar tambayoyi don ta gane mai biyayya da maras biyayya. Tambaya ta 27 ta ce, ka yarda ka shiga soja a tura ka fagen fama ko'ina? Ta 28 ta ce, ka rantse za ka bi Amurka ba da wani sharaɗi ba, ka kuma yar da biyayya ga Sarkin Japan? Duk akawun da ya taɓa tsara takardar cikewa ya san yadda tambaya ɗaya marar kan gado takan rikita gari guda. Dubi tsohon da Amurka ta hana shi zama ɗanta: in ya ce i, ya yar da Japan, ya zama ba shi da ƙasa ko ɗaya a duniya. Dubi saurayin da aka haifa a Kalifoniya: in ya ce ya yar da biyayya ga Sarkin Japan, kamar ya amsa ke nan cewa dā yana yi masa biyayya. Ga kuma tsoron kada amsar ɗa ta bambanta da ta uba a raba su. Gaba kura, baya sayaki. Waɗanda suka ce a'a, da waɗanda suka ƙi amsawa, da waɗanda suka amsa da sharaɗi, aka sa musu suna marasa biyayya, aka tattara su da iyalansu a sansanin Tule Lake, can arewacin Kalifoniya kusa da iyakar Oregon.

Sansanin nan ya cika ya batse, mutum fiye da 18,000. Aka ƙara tsawon shinge, aka kawo soja da tankokin yaƙi, daga Nuwamba 1943 zuwa Janairu 1944 soja ne ma ke mulkinsa. A cikin sansanin kuma aka keɓe wani kurkuku inda aka tsare mutane wata da watanni ba tuhuma. A watan Agusta na 1944 Collins ya gaya wa hukuma cewa zai shigar da ƙarar nan da ke tilasta wa mai tsare mutum ya kawo shi gaban alƙali ya faɗi dalili ko ya sake shi. Kafin a je kotu aka buɗe kurkukun aka fito da mutanen. Daga nan mazauna Tule Lake suka san sunansa.

Ana cikin haka, ran 1 ga Yuli, 1944, aka kafa wata sabuwar doka. Dā ɗan Amurka ba shi da ikon sakin ƙasarsa muddin yana tsaye a cikinta. Sabuwar dokar ta ce a lokacin yaƙi yana iyawa, in Babban Lauyan Gwamnati ya yarda. Kowa ya san don wa aka yi ta. Da fari mutane kaɗan ne suka nema. Sai ran 17 ga Disamba, 1944, aka ba da sanarwa cewa za a ɗage hanin zama gaɓar yamma, a kuma rufe sansanonin cikin shekara guda. Mai karatu zai zaci murna za a yi. Ina! Hankalin mutane ya tashi. Gonakinsu da gidajensu sun salwanta, ga labari yana zuwa cewa ana harbin gidajen waɗanda suka koma, ga jita-jita cewa za a kwashe samari zuwa soja, a tura iyaye Japan. A cikin sansanin kuwa akwai ƙungiyoyin samari masu ra'ayin Japan, masu aske kai ƙwal, suna fareti da asuba suna busa begila, suna yi wa duk wanda bai saki Amurka ba barazana, hukuma tana kallo. Mutane suka ga hanya ɗaya ta zama tare da iyali a bayan shinge har yaƙi ya ƙare ita ce su sa hannu. Cikin 'yan watanni fiye da mutum 5,500 suka saki ƙasarsu, kusan dukansu daga Tule Lake; wajen bakwai cikin kowane goma na manyan 'yan ƙasa da ke sansanin.

Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fita ba. Tun kafin yaƙi ya ƙare da yawa suka yi nadama, suka rubuta wa Ma'aikatar Shari'a suna neman janyewa, aka amsa musu cewa ba hanya. A watan Yuli na 1945 Shugaba Truman ya ba da izinin korar baƙin da ake lissafawa abokan gaba, su kuwa yanzu cikin wannan lissafi aka sa su. A watan nan ne Collins ya sake zuwa Tule Lake kan maganar waɗansu samari da aka kulle, sai iyaye suka tare shi suna gaya masa abin da 'ya'yansu suka yi. Ya nemi lauyoyin da za su kama masa, bai samu ba. Babbar ƙungiyar Japanawa 'yan Amurka, JACL, wadda ta ɗauki hanyar nuna biyayya ga Gwamnati a lokacin yaƙi, ta juya musu baya, tana ganin sun ja wa sauran abin kunya. Collins bai yafe wa ƙungiyar nan ba har ya mutu, ya kuwa sha faɗa mata baƙar magana a fili, gama shi mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe. Mutanen sansanin suka kafa kwamitin kare kansu, suka yi karo-karo, wani saurayi daga cikin mazauna wurin, Tetsujiro Nakamura, ya zama hannun damansa.

Hujjar Collins guda ce, bai kuma sake ta ba har ƙarshe: sa hannun da aka yi cikin tsoro ba yarda ba ce. Masu karatun fiƙihu a cikinmu ba za su ga baƙon abu a nan ba, tun da a mazhabar Malikiyya sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa. Amma gardamar tana wurin wane ne ya yi tilascin. Akwai lauyoyin da suka ga ya fi sauƙi a ɗora laifin duka a kan samarin nan masu begila, a bar Gwamnati da mutuncinta, a ci shari'a da wuri. Collins ya ƙi. Ya ce wanda ya kwashe mutane daga gidajensu, ya kulle su shekara uku ba laifi, ya bar 'yan ta-kife suna mulkinsu, sa'an nan ya miƙa musu alƙalami, shi ne mai tilasci na fari. Wannan taurin kai ya ja masa jinkiri, ya kuma raba shi da mutanen da dā za su taimake shi. Ni dai ina ganin gaskiya tana wajensa, ko da yake ba ni ne na zauna shekara da shekaru ba ƙasa ina jiran hukunci ba.

Ƙarar ran 13 ga Nuwamba ta tsai da korar. Masu ƙara suka yi ta ƙaruwa har suka wuce 4,000. Shari'ar ta faɗa hannun Alƙali Louis Goodman, wanda tun a 1944 ya taɓa korar ƙarar da Gwamnati ta kai waɗansu samarin Tule Lake don sun ƙi amsa kiran soja, yana ganin ba daidai ba ne a kulle mutum don ana zarginsa da rashin biyayya sa'an nan a hukunta shi don ya ƙi yin yaƙi. A 1947 Goodman ya yanke cewa ba a iya korar mutanen nan da sunan baƙi abokan gaba, aka saki sauran da ke tsare a hannun Collins, shi ne mai belinsu. A watan Afrilu na 1948 ya yanke cewa sakin da suka yi wa ƙasa bai auku ba, a 1949 ya rattaba hukuncin ƙarshe.

TAKARDA 10,000

Da a nan labarin ya tsaya, da an ce lauya ya yi fasaha ya ci shari'a cikin shekara huɗu. Amma Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. A watan Janairu na 1951 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa halin da aka sa mutane a Tule Lake mummuna ne, ta kuma tabbatar da hukuncin ga waɗanda suka sa hannu tun ba su kai shekara 21 ba. Sauran dubban kuwa ta ce ba a yi musu hukunci a dunƙule. Kowane mutum sai a duba nasa shi kaɗai, a ga ko lalle tsoro ne ya sa shi. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron maganar.

To, a nan ne aikin ya koma na akawu, nan ne kuma na fi so mai karatu ya tsaya. Tun a watan Maris na 1946 aka rufe Tule Lake, mutanen sun watsu. Waɗansu suna aikin lambu a Los Angeles, waɗansu suna masana'antu a Chicago, fiye da 1,000 sun riga sun tafi Japan suna fama da yunwar bayan yaƙi. Kowannensu sai an nemo inda yake, a aika masa da takardar tambayoyi, ya tuna abin da ya faru shekara shida ko goma da suka wuce: wa ya tsorata shi, me uwarsa ta ce masa, wace jita-jita ya ji, don me ya amsa tambaya ta 28 yadda ya amsa. Sa'an nan a mai da amsar takardar rantsuwa, ya sa hannu gaban mai shaida, a aika Ma'aikatar Shari'a. In ma'aikatar ta gamsu, sai ta janye hamayyarta, kotu ta mayar masa da ƙasarsa. In ba ta gamsu ba, takarda ta dawo, a sake wata. Akwai mutanen da sai da aka yi musu sau uku ko huɗu. Jimlar takardun rantsuwar da suka fita daga ofishin Collins ta kai wajen 10,000.

A tuna fa, da yawa cikin mutanen nan ba su son a tayar da maganar. Kunya ta hana waɗansu gaya wa 'ya'yan cikinsu cewa sun taɓa zama a Tule Lake, balle cewa sun saki ƙasa. Mutumin da ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya jefa ƙuri'a, ba ya samun fasfo, ba ya aikin Gwamnati, a Kalifoniya ta lokacin ma mallakar fili tana iya zame masa rigima. Saboda haka kowace takarda da ta dawo da amincewa, rayuwar gida guda ce ta daidaita. Ba taron 'yan jarida, ba jawabi gaban manyan alƙalai. Wasiƙa ce ta tafi, wasiƙa ta dawo, shekara goma sha bakwai. Ran 6 ga Maris, 1968, aka rufe shari'ar ƙarshe. Mutum kusan 5,000 suka koma 'yan ƙasar da aka haife su a ciki.

Akwai wata ƙungiyar mutane kuma da ya ci karo da su a sansanin Crystal City na jihar Texas, waɗanda labarinsu ya fi na farko ban mamaki. A lokacin yaƙi Amurka ta shirya da gwamnatocin ƙasashe fiye da goma na kudancinta aka kamo Japanawa fiye da 2,200 da ke zaune can, wajen 1,800 daga ƙasar Peru, aka kawo su Amurka don a yi musayarsu da Amurkawan da ke hannun Japan. A hanya aka karɓe fasfo ɗinsu. Da yaƙi ya ƙare sai hukumar shige da fice ta ce musu sun shigo ƙasa ba bisa ka'ida ba, tun da ba su da fasfo ba su da biza! An ɗauko mutum daga gidansa da bindiga, an kawo shi inda bai nufa ba, sa'an nan ana tuhumarsa da shigowa ba izini. Peru ta ƙi karɓarsu, in ban da 'yan kaɗan da ba su kai 100 ba. Aka tura ɗaruruwa Japan, har da yaran da Sifaniyanci ne harshensu. A 1946 Collins ya shigar da ƙara ya tsai da korar sauran mutum 360 da 'yan kai, ya samo musu mafita: wani kamfanin noma da daskarar da kayan lambu, Seabrook Farms a jihar New Jersey, ya ɗauke su aiki, aka sake su bisa beli. Aikin mai wuya ne, ladan kaɗan, amma ya fi jirgin kora. A cikin shekarun 1950 doka ta sauya, suka sami izinin zama, da yawa daga baya suka zama 'yan ƙasa.

Sai kuma Iva Toguri, haifaffiyar Los Angeles, wadda yaƙi ya rutsa da ita a Japan ta je duba 'yar'uwar mahaifiyarta. 'Yan sandan Japan sun matsa mata ta saki Amurka ta ƙi. Neman abinci ya kai ta aiki gidan rediyon Tokyo, bayan yaƙi 'yan jarida suka laƙaba mata sunan Tokyo Rose, aka kawo ta San Faransisko a 1948 aka tuhume ta da cin amanar ƙasa. Collins ya tsaya mata ba ko kwabo. Cikin tuhuma takwas aka same ta da ɗaya, aka ɗaure ta shekara 10 da tarar dala 10,000, ta kuma rasa zamanta na 'yar ƙasa. Abin ya zo a juye: waɗanda suka saki ƙasa yana mayar musu, wadda ta ƙi saki an ƙwace mata. Da ta fito a 1956 Gwamnati ta tashi korarta, Collins ya sake tsayawa har aka bar maganar. Daga baya shaidu biyu da aka dogara da su suka amsa cewa koya musu abin faɗa aka yi.

Collins bai ga ƙarshen wannan ba. Ya rasu ran 16 ga Yuli, 1974, a cikin jirgin sama, yana da shekara 74. Ɗansa, shi ma lauya, ya ɗauki takardun Toguri, a watan Janairu na 1977 Shugaba Ford ya yi mata afuwa. A 1976 Michi Weglyn, wadda ita ma an tsare ta tana yarinya, ta fitar da littafinta Years of Infamy a kan tarihin sansanonin, ta sadaukar da shi ga Collins. A 1983 wata kotu a San Faransisko ta soke hukuncin da aka yi wa Korematsu, bayan an gano cewa lauyoyin Gwamnati sun ɓoye wa Kotun Ƙoli rahotannin da suka nuna ba wata barazana daga mutanen nan. A 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta nemi gafarar waɗanda aka tsare, ta ba kowane mai rai a cikinsu dala 20,000. Akasarin mutanen Peru ba su shiga ciki ba, don dokar ta ce sai wanda yake ɗan ƙasa ko mai izinin zama a lokacin da aka tsare shi, su kuwa a takarda har yanzu masu shigowa ba izini ne a wancan lokaci. Sai da suka kai ƙara, a 1998 aka sasanta a kan dala 5,000 kowane mutum, waɗansunsu suka ƙi karɓa.